Ɗaki 12, suna 47: inda aka kwana a aikin gidan dattawan nan

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau dai an bamu makullin ginin. Na ce bari in fara rubutawa tun yanzu saboda na san halina, in na bari sai an gama zan manta wahalar in dinga cewa ai komai sumul ya tafi. Ga wanda bai san zancen ba, mu bakwai ne a kwamiti, ni ne sakatare, mun karɓi wani tsohon gini da a da ɗakunan kwanan ɗalibai ne, yarjejeniyar shekara 15 muka yi da mai shi, zamu gyara ya koma ɗaki 12 kowanne da banɗakinsa a ciki, na dattawan da suke gab da rasa wajen kwana ko ma sun riga sun rasa. Kuma dan Allah a daina ce masa gidan ajiye tsofaffi, ba kaya bane su da za a ajiye. Haya ce. Mutum zai biya daidai ƙarfinsa, ya riƙe makullinsa, sai dai akwai wanda zai dinga leƙa shi.

Ginin kam ya ji jiki. Silin ɗaki huɗu ya rufta, matakala uku a ƙofar shiga, banɗakuna kuma an jera su can ƙarshen baranda, na ƙirga taku 31 daga ɗakin farko. Ina ƙirgawa ina tunanin mai shekara 78 da fitsari ya matse shi ƙarfe ukun dare. Injiniya ya ce ƙashin ginin lafiyarsa lau, aikin famfo ne zai cinye mu.

Asabar, 25 ga Janairu

Bamu yi wata sanarwa ba fa, baki da baki ne kawai, amma yau da na haɗa takardun suna 47 ne a lista. Ɗaki 12.

Sati biyun nan ni da nas ɗinmu, wadda ta yi ritaya ta ce zata taya mu, mun zauna da mutum 30 daga ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma wlh abunda na zata ba shi na tarar ba. Ni a kaina wanda ya rasa gida shine wanda tun da can rayuwarsa a watse take. Ashe yawancinsu mutane ne da suka yi shekara 30, 40 suna aikinsu suna biyan hayarsu ba wanda ya taɓa jin kansu. Direba, tela, maigadi, mai wanki da guga, wata ma malamar makaranta ce. Abu ɗaya ne kawai yake gocewa sai komai ya bi shi. Miji ya rasu fanshon ya tsaya. Mai gida ya rasu magada suka sa gidan a kasuwa. An kwanta asibiti wata biyu, kuɗin haya ya tafi a magani. Ido ya mutu, keken ɗinki ya zama ado. Ɗan da yake turo wani abu duk wata shima aikinsa ya tsaya ya daina ɗaga waya dan kunya.

Da na koma gida na bincika sai na ga ba mu kaɗai muka ga haka ba. Akwai wata likita a Amurka, Margot Kushel, ita da abokan aikinta sun bi mutum 350 marasa gida masu shekara 50 zuwa sama a garin Oakland tun daga 2013, suka tarar kashi 44 cikin 100 basu taɓa rasa gida ba a rayuwarsu sai bayan sun kai 50. Abunda ya fi tsaya mun shine sun ce jikin mutanen nan, yawancinsu 'yan hamsin da wani abu, yana nuna irin matsalolin da ake gani a jikin wanda ya girme su da kusan shekara 20 yana zaune a gidansa, mantuwa, faɗuwa, kasa riƙe fitsari, kasa wanka da kai. Wato waje yana tsofar da mutum da gudu. Shi yasa nas ta dage kar mu kafe a kan sai mai 65, mu duba jikin mutum ba katinsa kaɗai ba. Mun tsaya a 60 zuwa sama, amma an bar ƙofa ga wanda bai kai ba in jikinsa ya nuna.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mitin ɗin yau saura kaɗan a tashi baram-baram, kuma gaskiya nima ina cikin masu laifi.

Na zo da dokokin gida shafi uku da na kwana ina rubutawa ina jin daɗin kaina. A rufe get ƙarfe 9. Baƙo baya wuce ƙarfe 6. Wanda aka san yana shaye-shaye sai ya nuna ya daina wata shida kafin a saka shi a layi. Duk sati a shiga a duba tsaftar ɗaki. Ma'ajinmu ya goyi bayana ɗari bisa ɗari. Nas ta saurara har na gama, ta cire tabarau ta ce, ɗana, kai mai gidan hayarka yana shigowa ya duba ko ka gyara gado? Na ce a'a. Ta ce to waɗannan sun haife ka.

Ita ta bamu labarin tsarin da ake kira Housing First, wato gida tukuna. Wani masanin halayyar ɗan adam ne, Sam Tsemberis, ya fara shi a New York a 1992, lokacin da tsarin da aka saba shine mutum ya bi mataki-mataki, ya nuna ya daina shaye-shaye, ya nuna yana shan magani, ya nuna ya iya zama da mutane, sannan can a ƙarshe a bashi ɗaki, kuma da yawa a hanya suke zubewa. Shi sai ya juya abun, a bashi ɗakin yanzu ba sharaɗi, taimako ya biyo baya in yana so. Kanada ta gwada shi a birane biyar daga 2009 zuwa 2013 da mutum sama da 2,000, aka raba su kashi biyu, a watanni shidan ƙarshe kashi 62 na waɗanda aka ba gida tukuna suna cikin gidajensu ba yankewa, ɗaya ɓangaren kuma kashi 31. Finland kuma tun 2008 ta maida shi tsarin ƙasa baki ɗaya, ta dinga maida manyan ɗakunan kwanan marasa gida zuwa gidaje, kowa ya sa hannu a takardar haya da sunansa ya biya.

Ma'aji ya ce to mu ba Finland bane. Gaskiyarsa. Amma ni abunda ya karya ni tambayar gadon ce. Shafi uku sun koma rabin shafi: ka biya hayarka, kar ka cutar da maƙwabcinka, kar ka lalata gini, kar ka bada ɗakin haya ga wani. Get kuma kowa da makullinsa. Ma'aji ya sa na rubuta a minit cewa shi bai yarda ba, na rubuta masa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Lissafin haya. Mun tsaya a kan kashi 30 cikin 100 na duk abunda mutum yake samu a wata, ko fansho ne ko sana'a ko abunda 'ya'ya ke turowa. Adadin nan ba mu muka ƙirƙiro ba, daga dokar gidajen gwamnati ta Amurka ya samo asali, wani sanata Edward Brooke ya sa aka ƙayyade kashi 25 a 1969, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, kuma shi ake bi a shirinsu na gidajen dattawa masu ƙaramin ƙarfi da ake cewa Section 202, wanda yake nan tun 1959 ga masu shekara 62 zuwa sama.

A takarda abun gwanin kyau. Matsalar ita ce kashi 30 na kusan babu, shima kusan babu ne. Da muka haɗa hayar ɗaki 12 a kan abunda mutanen listarmu ke samu, ko rabin kuɗin tafiyar da gidan bai kai ba, ruwa, wuta, gyara, alawus ɗin mai bibiya. Ginawa kowa yana so ya bada, ana ganin bulo ana ɗaukar hoto. Amma ka ce wa mutum ya ɗauki nauyin wadda zata dinga ƙwanƙwasa ƙofa duk safiya na shekara biyar, sai ya ce zai kira ka. Mun raba asusu biyu tun yanzu, na gini daban na tafiyarwa daban, kuma an yi dokar ba a taɓa na biyu ko silin zai faɗo mana a ka.

Wata tambaya da har yanzu ban da amsarta: wanda samunsa yau akwai gobe babu, ya zaka lissafa masa kashi 30? Mun ce a ɗauki matsakaicin wata uku, a sake dubawa duk wata shida. Zamu gani.

Litinin, 3 ga Maris

Birkila ya gama gangaren ƙofar shiga ya kira ni da murna in zo in gani. Mita biyu. Na ari keken marasa lafiya na zauna na ce yaronsa ya sake ni daga sama, wlh da ban taka ƙasa ba da a kwalbati zan tsaya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk tsayin santimita ɗaya sai gangaren ya yi 12 a kwance, matakala ukunmu santimita 45 ne, kenan mita 5.4 ake nema. Ya ce yallaɓai ai wuri ba zai isa ba. Injiniya ya zana masa a ƙasa da ƙusa yadda zai lanƙwasa shi gefe da wajen hutawa a tsakiya. An fasa an sake, siminti ya tafi a banza, kuma laifina ne dan ban bashi a rubuce ba, ce masa kawai na yi ya yi gangare.

Ƙofofi ma duk santimita 70 ne, keke baya shiga, za a faɗaɗa zuwa 90. Dokin ƙofa duk za a cire. Hannun ƙofa na murɗawa an canja da na dannawa ƙasa, saboda mai ciwon gaɓɓai yatsunsa basa iya murɗa ƙwallon nan, amma da gwiwar hannu ma zai danna wancan.

Talata, 18 ga Maris

Banɗaki. Nan zan daɗe dan nan ne gidan yake gaba ɗaya in ka tambaye ni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin hanya a cikin mutuwar tsautsayi, kuma 'yan sama da 60 ne suka fi yawa a ciki. Mu abunda ya shafe mu ma ba mutuwar kaɗai bace. A listarmu mutum biyar labarinsu iri ɗaya ne, sun zame, ƙugu ko ƙafa ta karye, sana'a ta tsaya, haya ta taru, notis ya zo. Kenan tayil mai santsi ma yana korar mutum daga gida, a hankali dai.

Wani bawan Allah ya bamu kyautar tayil kwali-kwali, mai ƙyalli kamar madubi. Na zuba ruwa a kan guda ɗaya na taka da silifas, na ce a'a. An ji kunyar maida masa sai aka ce a liƙa a bango, ƙasa kuma a sayo mai kaushi. Masai na zama ne, an ɗaga shi ya kai santimita 46 dan tashi yafi zama wuya. Wajen wanka babu wani tudu da za a tsallaka, ƙasan ne kawai aka karkata zuwa magudana, da benci na siminti a jikin bango. Ƙofar banɗaki waje take buɗewa, wannan nas ce ta kawo, ta ce in mutum ya faɗi a bayan ƙofa mai buɗewa ciki to jikinsa ne zai tokare ta sai an fasa.

Sai ƙarfen riƙewa. Mai famfo ya ɗaura guda 24, biyu a kowane banɗaki, sun yi kyau abunsu. Na ce bari in gwada na ɗaki na 3, na kama na saki nauyina gaba ɗaya kamar wanda ya zame. Ƙarfe da sukurori da ɓallin filasta duk suka biyo ni, na zauna daɓas a ƙasa, yaran aiki suna ta dariya. Bulon mai rami ne, sukurun a iska yake. Ni kilo 74 ne kuma na san zan faɗi. Yanzu duk inda ƙarfe zai zauna sai an fasa an cika ramin da kankare an bari ya bushe, kuma na ce ba zan sa hannu a biya ba sai na rataya a jikin duk guda 24 da kaina. Bayana har yau yana gaya mun.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ba abunda aka yi sati biyu. Mai aikin wuta ya karɓi rabin kuɗi ya ɓace, wayarsa a kashe. Ba zan kama suna ba. An samo wani.

Talata, 22 ga Afrilu

Zaman jiran nan ya mana rana ta wani ɓangaren. Tunda gini ya tsaya sai muka koma kan lista, nas ta ce mu ware waɗanda har yanzu suna cikin ɗakunansu mu ga ko za a iya hana su fita tun farko, dan kowa ya zauna inda yake an samu ɗaki ɗaya kenan ba tare da an aza bulo ba.

Wani dattijo tsohon maigadi, fanshonsa ya tsaya wata bakwai. Ashe takardar tantancewa ce aka ce ya je ya nuna yana raye, saƙon ya shigo wayarsa, shi kuma ido ba ya gani sosai kuma karatun ma sama-sama. Wata bakwai yana zaton an cire shi ne. Yini biyu muka yi a layi da shi, an gyara, bashin ya fito, ya biya mai gida, an janye notis. Yini biyu fa.

Wata Inna kuma a bene take hawa na biyu, gwiwa ta hana ta sauka, ta yi wata huɗu bata taka ƙasa ba, har ta yanke shawarar ta bar gidan duk da bata da inda zata. Muka je wajen mai gidan muna ta shirya magana, ashe akwai ɗaki a ƙasa da wani saurayi ke ciki. Aka yi masa magana ya ce ai da an faɗa masa tuntuni. Musanya kawai aka yi.

Na ukun bai yiwu ba. Magada sun riga sun karɓi kuɗin mai saye, lauyan da yake taimaka mana kyauta ya samo mata ƙarin wata uku ne kawai. Ita ce malamar makarantar nan, shekararta 26 a ɗakin. Ta ce mun, ɗana, ni na dasa bishiyar da ke tsakar gidan, yanzu da ita aka yi ciniki.

Zuwa yau mutum 9 sun fita daga lista ta wannan hanyar. Na fara tunanin anya ba wannan ne ainihin aikin ba, ginin kuma na waɗanda aka makara a kansu. Ban faɗa a mitin ba dan kar a ce na sare.

Asabar, 10 ga Mayu

Zaɓe. Ranar da nake ta tsoro.

Mun sa maki a kan abu huɗu: inda mutum yake kwana yanzu, lafiyarsa, ko yana da wanda zai iya ɗaukarsa tsakani da Allah, da kwana nawa ya rage masa kafin a fitar da shi. Ba a duba wa ya fara rubuta suna, ba a duba ɗan uwan wa ne, kuma duk ɗan kwamitin da ya san mutum sai ya fita waje in an zo kansa. Ni na fita sau biyu. Ɗaya ta samu, ɗaya bai samu ba, kuma ni zan je in faɗa masa.

Zancen "yana da 'ya'ya" ya ja mu awa ɗaya. Wasu suka ce mai 'ya'ya a sa shi baya. Nas ta ce ta ga mai 'ya'ya takwas yana kwana a barandar shago, ta ga wanda ɗiyarsa ke son ɗaukarsa amma ita da mijinta da yara biyar a ɗaki ɗaya suke. Aka tsaya a kan sai an kira 'ya'yan an ji daga bakinsu.

Litinin, 12 ga Mayu

Na huɗu a lista bamu same shi ba. Tsohon direba ne, a wata motar da ta lalace yake kwana bayan wani gareji, nan muka zauna da shi a Janairu. Yau na je, an ja motar an kai wajen 'yan gwangwan tun wata ɗaya da ya wuce, masu garejin suka ce ya ɗauki jakarsa ya tafi bai ce ga inda zashi ba. Bashi da waya. Na zaga asibiti biyu. Da mai wutar nan bai gudu ba da tun Afrilu an shiga, wannan lissafin nake ta yi a hanya duk da na san ba amfani. Zamu riƙe masa ɗakin sati uku.

Litinin, 2 ga Yuni

An shiga! Mutum 10 yau, ɗaya tana asibiti sai an sallame ta, ɗaki na 4 yana jiran direba.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar haya da sunansa, aka karanta masa da ƙarfi tukuna, aka bashi kwafinsa da makulli biyu, na ɗaki da na get. Malamar makaranta ta karɓi biro ta gyara mana kuskuren rubutu guda biyu a takardar kafin ta sa hannu. Wani Baba da muke ce wa Baba mai rediyo, dan ko banɗaki da ita yake shiga, ya juya makullin a hannunsa ya ce, yaro, zuwa yaushe? Na ce Baba ba zuwa yaushe, naka ne muddin kana so. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa yaro in ya yi ƙarya ba a son a kunyata shi.

Asabar, 21 ga Yuni

Baba mai rediyo baya kwana a gado. Mai bibiyarmu ce ta lura, yarinya ce mai haƙuri da muka ɗauka aiki, kullum da safe tana zagawa ɗaki-ɗaki ta ƙwanƙwasa ta gaishe su. Ta ce zanin gadon yadda aka shimfiɗa ranar farko haka yake ko lanƙwasa babu. A ƙasa yake kwana daf da ƙofa a kan kwali, jakarsa a ɗaure da igiya ya yi matashi da ita, takalmi a ƙafa. Kayansa ko ɗaya bai saka a kwaba ba. Shekara uku ya yi yana kwana inda ake tashinsa da asuba kafin masu wuri su zo.

Ni na ce a je a yi masa magana, ƙasa da sanyi ga ciwon baya. Nas ta ce kar wanda ya ce masa uffan, a kai masa tabarma mai kauri a ce kyauta ce aka raba wa kowa, kuma a raba wa kowan da gaske dan kar ya gane. Haka aka yi.

Ƙwanƙwasa ƙofar nan ma ta jawo magana. Malama ta ce ita ba mara lafiya bace da za a dinga duba ko ta mutu, kar a sake buga mata ƙofa. Kuma tana da gaskiya, haka muka rubuta, taimako sai in mutum yana so. Amma in ta faɗi fa? Ita da kanta ta kawo mafita, ta ce in ta tashi zata ɗaga labulen tagarta, in ƙarfe 9 ta yi labule a sauke to a buga. Yanzu mutum huɗu sun koma tsarin labule. Makullin ko-ta-kwana kuma yana cikin akwati a kulle, ba a buɗe ɗakin kowa sai mutum biyu suna tsaye kuma a rubuta a littafi.

Na karanta yadda jihar Vermont ta Amurka take nata, wani shiri da suke kira SASH, mai bibiya ɗaya da nas suna kula da dattawa kusan 100 a gidajensu. Mu 11 ne kawai amma yarinyar nan bata zama, rakiya asibiti, karanta saƙon waya, tuna wa mutum magani, cike fom, raba faɗa a kan igiyar shanya. Inaga bambancin shine namu daga waje suka shigo, komai nasu a warwatse, mutum uku ko katin shaida basu da shi.

Talata, 8 ga Yuli

Hayar wata na farko: 8 sun biya cif, 2 rabi, ɗaya babu. Ma'aji ya kalle ni irin kallon ai na faɗa. Wanda bai biya ba da aka zauna da shi, jikansa ne ya zo ya karɓe kuɗin da sunan aro, kuma ba yau ya fara ba. Wannan ba a koya mana ba. Ba zamu hana jika zuwa wajen kakansa ba, gidansa ne. Abunda ya yarda da shi shine ranar da kuɗi ya shigo a cire haya kai tsaye kafin kowa ya ji labari, bashin kuma a raba masa wata huɗu.

Wadda ta fi damuna Innar ɗaki na 9 ce. Sau biyu tana barin risho a kunne ta fita, jiya kuma an same ta a titi da yamma tana neman gidan da ta bari shekara 12 da suka wuce. Nas ta kai ta an duba, an ce mantuwar tsufa ce ta fara kuma gaba zata yi. Gidan nan an yi shi ne dan wanda zai iya zama shi kaɗai da ɗan tallafi, bamu da mai kwana, bamu da kuɗin mai kwana. In mun ce ta tafi, ina? Daga barandar wani muka ɗauko ta. A yanzu dai an cire rishon da yardarta, maƙwabciyarta ta ɗaki na 10 ta ce zata dinga sa mata ido da dare, an saka mata kati a jaka da lambar mai bibiya. Kowa a kwamiti ya san wannan toshe ɓaraka ce kawai, an sa zancen a ajandar mitin na gaba, na farko.

Ɗaki na 4 mun ba na 13 a lista, sati ukun sun wuce har da ƙari. Na bar lambata a garejin.

Asabar, 26 ga Yuli

Ruwan sama ya tona mana asiri, ɗaki na 7 da na 8 suna yoyo ta wajen da aka haɗa sabon kwano da tsoho, kafinta zai zo Litinin. Fitilar baranda mai kunna kanta in ta ga motsi guda biyu sun mutu, a canja. Asusun tafiyarwa zai kai mu wata 14 in ba abunda ya taso, kuma kullum sai abu ya taso. Lista ta koma 41 dan sababbi sun shigo, shi yasa muka ware ranar Laraba ta zama ta masu notis da masu matsalar takardu kawai, lauya ya ce zai dinga bamu awa biyu.

Malama ta shuka wani abu a tsohon bokitin fenti a ƙofar ɗakinta, ta ce kar wanda ya taɓa mata. Mai bibiya ta ce shekaranjiya ta ga rigar Baba mai rediyo guda ɗaya a rataye a ƙusa, jakar dai tana nan a ɗaure, kuma har yanzu a ƙasa yake kwana. Mitin ran Lahadi ƙarfe 4, zancen ɗaki na 9, wanda ya san wata da zata iya kwana ko sau uku a sati ya yi mun magana kafin nan.